Taswirar da Aka Ɗinka Ba Zare

Duk wanda ya taɓa shiga falonmu na Zuru a wancan lokaci sai ya tambayi abin da ya sa muka ajiye talabijin a inda ba a ajiye talabijin. Ga bango fili a gefen gabas, ga soket a jikinsa, amma sai a tarar da akwatin can jikin bangon arewa, ya tare rabin taga, an jawo masa waya ta ƙarƙashin leda. Mama ta yi mita har ta gaji. Ta ce duk ranar da matan zumunta suka zo sai wata ta yi tuntuɓe da wayar nan. Baba bai taɓa tanka mata ba, talabijin kuma bai matsa ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina ƙaramar sakandare, daidai lokacin da idon Baba ya fara rufewa. Mu ba mu sani ba tukuna. Shi ina jin ya sani, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Baba soja ne, saje, kamar yawancin mazan danginmu. Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya a ƙasar waje ya yi shi, cikin waɗanda aka tura kwantar da tarzoma. Da ya dawo, a cikin tsarabarsa akwai wani kwali da ya sha tafiya, gem ne, irin wasan da ake jonawa da talabijin, na gwanjo da ya sayo wa yayana. Sai ya tarar yayan nawa ya riga ya tafi Zariya, shi ma ya shiga soja. Haka kwalin ya zama nawa. Ba wanda ya ba ni, ba kuma wanda ya hana ni.

A ciki akwai na'ura mai ruwan toka, da hannun dannawa guda mai doguwar waya, da kaset ɗaya wanda sai an hura masa iska an lallaɓa shi kafin ya yarda ya yi aiki. A ƙarƙashinsu kuma ga wani ɗan littafi, da takarda mai kauri a ninke. Waɗannan biyun su ne abin da nake ji da shi har yau, ba na'urar ba.

Littafin bai fi tafin hannuna ba, amma na karanta shi fiye da duk littattafan makarantata. Takardarsa santsi gare ta, tana ƙamshin sabuwar kalanda. An zana kowane dodo da za a gamu da shi a hanya, da sunansa, da inda lagonsa yake. A talabijin dodon nan ɗan tabo ne kawai mai tsalle-tsalle, amma a littafin an yi masa haƙora da gashi da mugun kallo. Saboda haka in tabon ya ɓullo, na littafin nake gani, gabana ya faɗi. Wanda ya mallaki littafin kafin mu ya ɗiga masa shayi a wani shafi. Na sha tunanin yaron nan, ko a wace ƙasa yake, ko ya kai ƙarshen tafiyar.

Taswirar kuwa in an warware ta takan rufe teburin cin abinci. Ƙasa ce da babu ita a duniya. Teku a kudu, daji a tsakiya, kogi mai rassa, fadama, sai duwatsu a jere can sama, da wani gari guda a bayansu a ƙurewar arewa. Aikin gem ɗin ke nan, ka ɗauki wani ɗan mutum mai sanda da jaka a baya ka kai shi wannan gari. Da na ga taswirar ta yi kyau sai na samo ƙusa na kafe ta a bango, kusa da kalandar coci.

Na yi makonni ina zagaye daji ɗaya. Ni kuwa tun ina ƙarama haƙuri bai ishe ni ba, duk unguwa an shaide ni. Wata rana da la'asar na sake dawowa gindin bishiyar da na baro, sai na yi jifa da hannun gem ɗin ya bugi ƙafar tebur. Baba yana kan kujerarsa yana jin rediyo. Ya kashe.

"Me ya yi miki?"

"Dajin nan ba shi da mafita, Baba. Ƙarya kawai suka shirya."

"Ina taswirarki?"

Na nuna masa bango. Ya dubi bango, ya dube ni, kamar na zuba masa gishiri a shayi.

"Wa ya ce miki ana rataye taswira? Hoton biki ce?"

Ya cire ta ya shimfiɗa a ƙasa. Ya fita tsakar gida ya dubi rana, ya dubi dutsen da ke bayan unguwarmu, ya dawo ya yi ta juya takardar har samanta ya fuskanci dutsen. Ya ce a soja abin da ake fara koya wa mutum ke nan. Kafin ka ɗaga ƙafa sai ka saita taswira, arewar takarda ta dubi arewar ƙasa. Sannan ya ɗaga kai ya ga talabijin a bangon gabas, ya tsaya cak.

"In na ce miki arewa, ina za ki nufa?"

"Gaba, Baba. Sama."

"Gabanki gabas ne. Ni ba na aiki da arewa biyu a ɗaki ɗaya. Tashi ki kama."

Haka muka ɗauki talabijin muka tare wa Mama taga. Kafin magariba mun fita daga dajin.

Daga ranar aka kafa doka. Ni ina kan kujera 'yar tsugunno da hannun gem, shi yana kan tabarma da taswira a gabansa. Ba zan dubi takarda ba, shi kuma ba zai dubi talabijin ba. Ni in faɗi abin da na gani, shi ya faɗi inda za a bi. "Kogi a damana, Baba." "Bi shi, kada ki ƙetare. Za ki ga gada." "Ban ga gada ba." "Ci gaba, na ce." Sai ga gada. Ya sa mini suna Kurtu, ya kuma hana ni taɓa na'urar sai da na karanta masa littafin daga bango zuwa bango, wai ba a ba mutum bindiga bai san sunan sassanta ba. Ranar da muka ƙetare babban kogin ya ce an ƙara mini girma, na zama Kofur. Sunan nan ya bi ni har gidan aure. A lokacin na ɗauka ƙin kallon talabijin ɗin nan tsaurin soja ne kawai. Sai daga baya na gane cewa ko ya kalla, ba abin kirki yake gani ba.

Wuta ba kullum ake kawowa ba, amma rashin wuta bai taɓa tsayar da mu ba. Mukan shimfiɗa taswira a inuwar mangwaro mu shirya tafiyar gobe. Ya nuna mini inda za a iya yi mana kwanton ɓauna, ni kuma in buɗe littafi in nuna masa dodon da ke zaune a wurin. Mu yi ta gardama a kan ko ta fadama za a bi ko ta gefen dutse, Mama tana kan keken ɗinkinta a baranda tana cewa Allah ya shirya tsoho da jikarsa, don a cewarta ba ta haifi mai wannan taurin kai ba.

'Ya'yana yanzu suna yin nasu gem ɗin a waya. Ba kwali, ba littafi, ba takarda. Wata kibiya ce ke yawo a gaban mutum tana nuna masa hanya, in ya ɓata ta dawo da shi. Hotunan nasu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, wannan ba na musu. Amma in na gan su kowa ya dunƙule a kusurwarsa sai raina ya sosu. Namu ma na mutum ɗaya ne, hannu ɗaya gare shi. Takardar nan ce ta samar wa mutum na biyu wurin zama, da ba don ita ba da Baba ya ci gaba da jin rediyonsa, ni kuma ina ta jifa da kaya.

Alamun sun fara ne a hankali. Yakan ture kofi da ke gefensa. Ya bugi kafaɗa da ƙyauren ƙofar da ya shekara yana bi. Na lura ya daina duban taswirar gaba ɗaya, sai dai ya sunkuya ya jawo inda yake so zuwa daidai hancinsa, yana juya kai gaba ɗaya maimakon ido. Mama ta matsa masa har suka tafi Sakkwato asibitin ido. Suka dawo da 'yan kwalaben magani da wata kalma da ban taɓa ji ba, hawan jinin ido. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin sai dai ya rage wa sauran sauri.

Iyayena in suna son kada in ji magana sai su koma C'lela. Ni a bariki na tashi, Hausa ce a bakina, shi ya sa suka ɗauka yarenmu ya fi ƙarfina. Maida amsa ne ba na iyawa, ji kam ina ji sarai. Ina wanke-wanke a bayan taga na ji Baba yana cewa:

"In ya rufe gaba ɗaya ku kai ni Manga, gidan yayana. A ba ni ɗaki ɗaya."

Mama ta ce, "Ga gidanka, ga matarka, ga 'yarka, ka tafi ɗakin wani?"

"Ba za a ja ni a hannu a cikin Zuru ba. Na yi fareti a garin nan. Yara su riƙa matsawa gefe suna ce mini sannu Baba? A'a."

Manga ba nisa gare shi ba, ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo da kai kafin tuwo ya huce. Ba nisan ne ya tsorata ni ba. Na san irin ɗakin da yake nufi. Na taɓa ganin wani kakanmu a cikin irinsa, a zaune a duhu yana fuskantar bango, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ana gaishe shi daga waje. Lafiyarsa ƙalau aka sa shi a ciki, bai kuma daɗe ba. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi, suka yi tsit.

Bayan wannan da ɗan lokaci na dawo daga makaranta na ji ƙarar keken Mama. Ina shiga baranda na ga abin da ke ƙarƙashin allura. Taswirata ce, a kife, Mama tana taka keke a kanta, Baba yana tsaye a gefe. Wallahi ban san lokacin da na yar da jaka ba.

"Kun kashe mini taswira! Mama, atamfa ce? Me ta yi muku?"

Na yi ta zuba har da kuka. Mama ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke, rufe mini baki. Miƙo hannunki."

Ta juyo takardar ta fuska, ta kama yatsana ta ɗora, ta ce in rufe ido. Na rufe don haushi. Sai na ji wani layi na ƙananan tudu a ƙarƙashin yatsan, yana tafiya, yana lanƙwasa. Hanyar da muka bi muka fita daga daji ce. Mama ta zare zare daga keken, allura kawai ta bari. Sai da ta ɗora takardar a jikin gilashin taga ta bi hanyoyin da allin ɗinki ta baya, don tudun hujin ya fito ta fuska. Hanya layi ɗaya, kogi layi biyu, gari kuwa ta huda shi da basilla. Baba ne ya kawo shawarar, ita ta san yadda za a yi takardar ba ta yage ba. Na buɗe ido na ga Baba ya juya fuska wajen murya ta, amma ya kuskure ni da kaɗan. Kunya ta kama ni, da wani baƙin ciki da ban taɓa jin irinsa ba.

Kafin damina ta kankama ido ya rufe ruf. Ya daina zuwa coci. Ya daina zuwa gindin bishiyar da tsofaffin sojoji ke zama da hantsi. Abokansa suka zo ya ce a ce yana barci. Daga ɗaki sai falo, yana bin bango da hannu, kuma in ka kuskura ka kama masa hannu sai ya fizge. Abu ɗaya ya rage da yake tashi dominsa. In aka kawo wuta sai ka ji muryarsa, "Kofur, hura kaset." Ya zauna a tabarma, ya laluba gefen takarda ya saita ta da bangon arewa, ya ɗora yatsa daidai inda muka tsaya.

A irin wannan zama ne ya gaya mini da bakinsa, da Hausa. Ya ce ya aika wa yayansa, wanda muke kira Baba Babba, an gyara ɗaki. Amma shi ba ya barin aiki a rabi. In mun kai ɗan mutumin nan garin arewa, sai ya tafi.

To, a lokacin mun riga mun shiga duwatsu, garin saura ƙiris. Me ake so in yi? Na fara jan ƙafa. Dodon da na saba gamawa da shi da ido rufe sai ya riƙa kashe ni. In faɗa rami, in ɓata makami, in ce kaset ya ƙi. Na yi, kuma da za a maimaita sai na sake. Amma mutumin da ba ya gani kunnensa a buɗe yake. Wata rana na faɗa rami ɗaya har sau ba adadi, sai ya ɗage yatsa daga takardar.

"Kofur, ramin nan kin tsallake shi tun kina Kurtu. Na san ƙarar tsallenki. Yau ba ki ko danna ba."

Na ajiye hannun gem ɗin.

"Jan ƙafa kike yi."

Sai na fashe. "E, ina yi! In mun kai ka tafi ka zauna a duhu kamar kaka, a riƙa ajiye maka tuwo a ƙofa? Ba zan kai ba, Baba. Ka nemi wani ya kai ka. Ba na so ka tafi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Na jira mari. Sai ya shiga shafa layin hujin da babban yatsa. Can ya ce, a hankali, "Duhun a nan ma yana nan, 'yata. Can dai ba mai kallona." Ya ninke taswira ya tashi ya bi bango.

Ashe ba ni zan yanke maganar ba. Cikin makon aka yi ruwa da tsawa da rana tsaka, aka ɗauke wuta, ta dawo da wani irin ƙarfi. Ƙwan lantarkin falo ya fashe, na'urar gem ta yi wata 'yar ƙara ta fara ƙauri. Na kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa, ya buɗe ya girgiza kai ya ce cikinta ya soye. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Shi ke nan, an rufe aiki." Ya sa aka aika Manga cewa Baba Babba ya zo ranar Lahadi bayan sujada.

Ranar Asabar Mama ta haɗa masa kaya tana share hawaye da bakin zani. Ni kuwa haushi ne ya cika ni fam, na rasa inda zan sa kaina. Idona ya faɗa kan kalandar coci da ke bango, takardarta mai kauri. Na cire ta, na kifa, na zana unguwarmu: ƙofar gida, lungu, famfon burtsatse, kwalbati, injin niƙa, babban titi, bishiyar tsofaffin sojoji, coci. Na kai wa Mama na ce ta taka mini. Ta dube ni da jajayen idanu, ta zare zare. Gaskiya ban da wata dabara a raina. So nake dai ya tafi da Zuru a aljihu, ko zai riƙa taɓawa.

Da safiyar Lahadi ya yi wanka ya sa rigarsa mai guga, ya zauna a falo kusa da jakarsa. Na ɗora masa takardar a gwiwa.

"Wannan kuma wace ƙasa ce?"

"Laluba ka ji."

Ya fara bi. Yatsan ya fita daga ƙofa, ya bi lungu, ya tsaya a hujin famfo. Na ga bakinsa ya motsa, ya gane. Ya ci gaba, sai ya haɗe gira.

"Wa ya zana wannan?"

"Ni ce."

"Ƙarya ce a ciki. Kin sa kwalbati kafin injin niƙa. Injin ake fara tararwa."

"Kwalbati ake fara tararwa, Baba."

"Ni za ki gaya wa? Tun ba a haife ki ba nake bin lungun nan."

"Ni kuma jiya-jiyan nan na kai niƙa!"

Taurin kan da Mama ke cewa ba ta san inda na samo ba, ga mai shi a zaune. Ya ce na ɓata takarda, na ce ban ɓata ba. Ya ce taswirar ƙarya gara babu. Na ce in ƙarya ce ya nuna mini. Ban yi zaton komai ba da na faɗi haka, bakina ne kawai. Sai na ga ya miƙe.

"Miƙo mini sandata."

Mama tana bakin kicin, ta toshe baki da hannu. Ya bi bango har ƙofar gida, ya zare sakata da kansa. A bakin ƙofar ya tsaya. Tun da idon ya rufe bai taka wurin nan ba. Ya miƙo mini takardar.

"Riƙe. Yau ke ce da takarda. Ki bi bayana, kada ki kuskura ki taɓa ni." Ya ja numfashi. "Amma fara saita ni. Ina arewa?"

Na kama kafaɗunsa biyu na juya shi har fuskarsa ta dubi dutsen. Na sake shi.

Ya kama hanya, ina biye. "Gaba, Baba. Taɓo a hagunka, ɗan matsa dama. Famfo a damanka." Yana tafiya a miƙe, ƙirji a gaba, sanda tana bugun ƙasa. Masu tafiya coci suka riƙa tsayawa. Wata maƙwabciyarmu ta taho da sauri za ta kama masa hannu, na zare mata ido na girgiza kai, ta koma. Ba wanda ya ja shi. Shi ne a gaba.

Ya tsaya a wani fili kafin kwalbati, ya kai sanda dama da ƙarfin gwiwa, yana jiran ta bugi kwanon rumfa. Ta wuce ta cikin iska. Ya sake kaiwa, ta taɓa wani guntun dirka a ƙasa.

"Ina injin?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. "An tashe shi, Baba. Ruwan farkon damina ya cinye rumfar, mai shi ya koma ƙetaren kwalbati."

Ya bar kan sandar a kan guntun dirkar. Ƙararrawar coci tana bugawa.

"Ba wanda ya kawo mini rahoto."

"Ba ka fito ba, Baba."

Na ɗauka zai juya gida. Na san in ya juya shi ke nan. Ya ɗaga kai kamar mai shinshina iska, ya ce, "Me kuma aka canza?"

"Da yawa."

"To, ci gaba da aiki. Daga nan ina?"

Muka ƙetare kwalbati, ya ji warin man injin da ƙullu ya ce, "Ga shi nan, munafuki." Muka hau titi. A gindin bishiya wani tsohon abokinsa ya hango shi ya miƙe ya ƙame, ya manta cewa ba a ganinsa, ya buga ƙafa da ƙarfi har Baba ya ji ya amsa. Daga nan muka shiga coci, ya zauna a bencinsa na da.

Bayan sujada muka tarar da Baba Babba a bakin titi da ɗan kabu-kabu, ya je gida an ce masa mun fita.

"Ka shirya?" ya tambayi ƙanensa.

"Ba yau ba. Taswirar yarinyar nan duk kurakurai ce, sai na bi na gyara."

Na buɗe baki zan ce ko kuskure ɗaya babu, Mama ta taka mini ƙafa. Baba Babba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to, ɗakin yana nan. Ya hau babur ya koma.

Ɗakin can dawa aka zuba a ciki. Baba ya yi shekaru bayan wannan, kuma gyaran taswira bai taɓa ƙarewa ba. An buɗe sabon shago, an sare bishiya, an haƙa rami, duk sai ya je ya taɓa da sandarsa, Mama ta taka sabuwa. Kalandun coci sun sha allura a gidanmu. Daga baya ya daina bukatar takarda, ya daina bukatar muryata ma, amma bai taɓa fita ƙofa ba sai wani ya saita shi.

A ɗakinsa na Zuru ya rasu, lokacin ina da ciki na fari. Ana saura kaɗan ya ce, "Kofur, ina arewa?" Na tallafi kansa na juya matashin.

Taswirar gem ɗin tana wurina, littafin ma. Na'urar ban san inda ta shige ba. Wani lokaci nakan warware ta a kan gado in saita ta. Hujin da Mama ta yi ya tafi har cikin garin arewa, don ita ta gama nata aikin. Amma yatsan Baba ya bar duhu-duhu a duk hanyar da ya bi, kuma duhun ya tsaya a cikin duwatsu, a bakin ramin da na ƙi tsallakewa. Daga nan zuwa garin takardar fes take.